A Kai Ɗaliban Likitanci Ƙauye da Damina, Ba da Rani Kaɗai Ba

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da ma'aikatan wannan jarida, muna roƙon fili mu yi magana a kan horon da ake ba 'ya'yanmu masu karatun likita. A da sai an tafi Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai ko wata ƙasa, yanzu kuwa ga tsangayar kimiyyar lafiya a Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo nan Maraɗi. Samun makarantar a gida alheri ne babba. Abin da ya rage a tattauna shi ne inda ɗalibin zai koyi aikin da za a tura shi ya yi, da lokacin da zai koye shi.

Tsarin da muka gada, mu da maƙwabtanmu masu karatu da Faransanci, yana tsare ɗalibi shekara 7 zuwa 8 tsakanin aji da babban asibiti. A babban asibiti kuwa, wanda ya iso shi ake gani: wanda ya samu kuɗin mota, wanda maigida ya ba izini, wanda ya rayu a hanya. Daga nan sai a ba sabon likita takardar kama aiki a Dakoro, ko Mayahi, ko Tasawa, ko Gidan Rumji, ya tarar da CSI, wato cibiyoyin lafiya na matakin farko, da dama da ɗakunan shan magani na ƙauyuka duk suna kallonsa, ga rahoton mako, ga firijin allurar rigakafi, ga motar asibiti guda da za a raba wa gunduma. Ƙidayar 2012 ta nuna jihar Maraɗi tana da mutum wajen miliyan 3 da dubu 400, mafi yawansu a karkara, kuma a can ake haihuwa, a can ake jinya, a can ake mutuwa.

Abin mamaki, wannan ilimi ba baƙo ba ne a ƙasar nan. Tun shekarun 1960 aka fara horar da masu agajin farko da ungozomomi da mutanen gari suka zaɓa da kansu a yankin Maraɗi, ana ba su akwatin magani, ma'aikacin jinya yana zagayowa duba su. Da Hukumar Lafiya ta Duniya ta tattara misalai daga ƙasashe a 1975, kafin taron Alma-Ata na 1978 a kan kiwon lafiya na matakin farko, aikin Maraɗi yana cikin waɗanda ta kawo. Daga 2001 aka gina ɗakunan shan magani a ƙauyuka, a 2006 aka mayar da jinyar yara 'yan ƙasa da shekara 5 kyauta, kuma tsakanin 1998 da 2009 mace-macen waɗannan yara a Nijar ya sauko daga 226 zuwa 128 cikin kowane 1,000. Galibin wannan nasara a ƙauye da CSI aka same ta. Wasu makarantu sun daɗe da gane haka: Jami'ar Ibadan tana kai ɗalibanta Igbo-Ora tun 1963, Ilorin da Jazira ta Sudan sun gina karatunsu a kan zama cikin jama'a tun daga shekarun farko.

To, mu ma an san sitaj ɗin ƙauye, wato zaman koyon aiki da ɗalibi yake yi a can. Matsalar ita ce yakan zo sau ɗaya, gajere, kusa da ƙarshen karatu, kuma babban hutu yana faɗawa tsakanin Yuli da Satumba. Waɗannan watanni su ne rumbu yake ƙarewa kafin sabon gero ya nuna, uwa tana gona tun safe, sauro ya yi yawa, zazzaɓin cizon sauro da tamowa da gudawa su haɗu a jikin yaro guda. Ɗalibin da ya zauna CSI a watan Fabrairu ya ga gini da rajista. Wanda ya zauna a Agusta da Satumba shi ya ga aikin. Shawararmu ke nan a taƙaice: a ɗaura kowane rukunin ɗalibai 4 zuwa 6 a kan CSI guda, su riƙa komawa can shekara bayan shekara, kuma aƙalla zama ɗaya na mako 8 ya kasance a tsakiyar damina, a biya su hutunsu a wani lokacin.

Bari mu faɗi abin da damina take koyarwa, don kada a ce magana ce kawai.

Ana raba maganin rigakafin zazzaɓi na damina ga yara daga wata 3 zuwa wata 59, sau ɗaya kowane kwana 28, yawanci daga Yuli zuwa Oktoba. Ranar farko yaro yana shan ƙwayoyi iri biyu, SP da amodiyakin, a gaban mai rabawa, a bar wa uwa ƙwayar amodiyakin ta rana ta 2 da ta 3. A takarda abu ne mai sauƙi. A gida kuwa amodiyakin yana da ɗaci, yaro ya yi amai, uwa ta tsorata ta daina. Wata ta adana sauran ƙwayoyin sai ranar da jikinsa ya yi zafi. Wata ta raba wa yayansa mai shekara 7 don ba ta ga dalilin da za a ware shi ba. Idan yaro ya amayar cikin minti 30 ana sake ba shi, yaron da ke da zazzaɓi a ranar kuwa gwaji ake yi masa a ba shi magani, ba rigakafi ba, haka wanda ke shan maganin kashe ƙwayoyin cuta na kotirimokzazol ba a ba shi. Rahoto zai nuna an kai ga kusan kowa, domin ranar farko ake ƙirgawa. Ɗalibin da ya koma gidaje 30 a rana ta 4 ya ce a nuna masa fatar maganin, shi zai san abin da rahoton yake ɓoyewa, kuma ba zai sake karanta alƙaluma da ido rufe ba.

Sai tamowa, wadda Maraɗi ta sani tun kafin 2005, shekarar da duniya ta zo ta gani. Awon dantse kowa yana iya koya cikin minti 10: ƙasa da milimita 115 ja ne, tamowa mai tsanani, daga 115 zuwa 124 rawaya, kumburin ƙafafu biyu kuwa mai tsanani ne ko da awon ya nuna kore. Yaron da ya ci biskit ɗin tamowa a gwajin ci, ba shi da wata cuta mai nauyi, a gida ake jinyarsa yana zuwa CRENAS, cibiyar tamowa ta je-ka-dawo, kowane mako. Wanda ya ƙi ci sai CRENI, inda ake kwantar da masu tamowa a asibiti. Inda sabon likita yake kashe yaro da kyakkyawar niyya shi ne wajen ƙarin ruwa. An koya masa cewa yaron da ruwan jikinsa ya ƙare sosai ana ɗaura masa ruwan jijiya na Ringa mililita 100 a kowane kilo, 30 cikin rabin awa, 70 cikin awa 2 da rabi idan ya wuce shekara. Wannan daidai ne ga yaro mai ƙoshi, daidai ne a kwalara. Amma yaro mai tamowa idonsa a zurme yake, fatarsa ba ta komawa in an tsunkule ta, ko da ruwan jikinsa bai ƙare ba, kuma zuciyarsa ba ta iya ɗaukar wannan ruwa. Numfashi ya ƙaru, hanta ta kumbura, kafin asuba an rasa shi, a rubuta ciwon huhu. Irin wannan yaro ReSoMal, ruwan gishiri da sukari na masu tamowa, ake ba shi ta baki, mililita 5 a kowane kilo duk rabin awa na awa 2 na farko, ana auna nauyinsa da bugun zuciya; ruwan jijiya sai in ya shiga halin suma da sanyin hannu, shi ma mililita 15 a kowane kilo cikin awa guda. Madarar F-75, ta farkon jinyar tamowa, duk awa 2 zuwa 3 har cikin dare, domin da dare sukarin jini yake faɗuwa, jiki ya yi sanyi. Ba a ba shi sinadarin ƙarfe a kwanakin farko ko da ya yi fari fat. In ƙarin jini ya zama dole, mililita 10 a kowane kilo a hankali cikin awa 3, ba 20 da ake ba sauran yara ba. Duk wannan yana cikin littafi. Hannu ne ba ya riƙe shi sai ya kwana a ɗakin da gado ɗaya ke ɗauke da yara biyu.

Haka zazzaɓi mai tsanani. Allurar artesunat miligiram 2.4 a kowane kilo, 3 ga yaron da bai kai kilo 20 ba, a farko, bayan awa 12, bayan awa 24. Ɗalibi ya san wannan. Abin da bai cika sani ba shi ne matakin da ke zuwa kafin wannan: artesunat na cusawa ta dubura da ake ba ƙaramin yaro a ƙauye kafin a ɗora shi a amalanke, da ƙaramin cokalin sukari a ƙarƙashin harshe, da takardar turawa da ta faɗi abin da aka ba shi da ƙarfe nawa. Kuma na dubura ba magani cikakke ba ne. In yaro ya farfaɗo a hanya iyaye suka juya gida, ciwon zai dawo. Wa zai gaya musu haka, da wane harshe? Jini kuma a Satumba yake ƙaranci, don haka tun Yuni ake zama da limamai da shugabannin matasa a nemi masu bayarwa. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Abu na biyu da babban asibiti ba ya koyarwa shi ne lissafin jama'a. A ɗauki misalin CSI mai mutum 20,000. Kusan kashi ɗaya cikin biyar yara ne 'yan ƙasa da shekara 5, wato wajen 4,000. Haihuwa a shekara za ta kai wajen 900. Ana ƙiyasta kashi 15 cikin 100 na masu ciki za su gamu da matsala mai buƙatar ƙwararre, wato mata wajen 135, kuma aƙalla kashi 5 cikin 100, mata 45, za su buƙaci a yi musu aiki a ciro ɗa. In rajista ta nuna mata 9 aka tura asibitin gunduma a shekarar, sai ɗalibi ya tambayi kansa ina sauran. Amsar tana maƙabarta, ko tana cibiyar masu yoyon fitsari ta Danja. Haka allurar Penta, rigakafin cututtuka biyar da ake yi wa jariri a mako 6, 10 da 14: in yara 800 sun karɓi ta farko, 640 suka karɓi ta uku, an yi asarar kashi 20 cikin 100, abin da ya wuce 10 kuwa alama ce akwai matsala. Sai a bi gida-gida a ji dalili, ko ranar rigakafi ta yi karo da ranar kasuwa, ko cinyar yaro ta kumbura ba wanda ya yi wa uwa bayani, ko an taɓa yi mata tsawa don ta manta karne, wato katin rigakafin yaro.

Da rani ma akwai darasi, ba mu ce a bar shi ba. Sanƙarau daga Janairu zuwa Yuni yake, kuma tun da allurar MenAfriVac ta 2010 ta danne nau'in A, wasu nau'o'in sun fito, kamar nau'in C da ya yi ɓarna a 2015. A yankin da ke da mutum 30,000 zuwa 100,000, mutum 3 cikin 100,000 a mako faɗakarwa ce, 10 annoba ce. A yankin da bai kai 30,000 ba, 2 a mako faɗakarwa, 5 annoba. Ɗalibi ya zana wannan jadawali da hannunsa kowace Litinin, ya iya ɗebo ruwan ƙashin baya ya aika shi yadda ba zai lalace ba. Kwalarar da ta ɓarke a Madarumfa a damina ta 2018 ta kama sama da mutum 3,000. Wanda zai yi aiki a bakin iyakar nan dole ya iya haɗa ruwan kulorin kala uku, kashi 2 cikin 100 na bahaya da amai da gawa, 0.2 na daɓe da gadaje, 0.05 na wanke hannu, ba tare da ya buɗe littafi ba. Firijin rigakafi tsakanin digiri 2 da 8 ake tsare shi, ana dubawa safe da yamma. Kowa yana tsoron zafi, alhali daskarewa ita ke lalata Penta da allurar tsinkau-tsinkau ba tare da an gani ba, musamman in an jera kwalabe jikin ƙanƙarar da ba a bari ta fara narkewa ba. Allurar ƙyanda da BCG ta tarin fuka, in an haɗa kowace da ruwanta, awa 6 ne, sai zubarwa.

Ɗakin haihuwa na CSI da dare, da fitilar waya da ungozoma guda, shi ne wuri na uku. Oksitosin, allurar hana zubar jini bayan haihuwa, raka'a 10 a cinya cikin minti ɗaya bayan fitowar jariri. Amma oksitosin da ya kwana cikin zafin Afrilu a aljihun teburi ƙarfinsa ya ragu, shi ya sa ake ajiye ƙwayar misofurostol a madadinsa. Zubar jini mililita 500 ido ba ya auna shi daidai, kullum ragewa yake yi, sai an koyi ƙirga zannuwan da suka jiƙe. Matse mahaifa, balan-balan na cikin mahaifa, rigar matse jiki kafin a ɗora mace a mota, duk sai ɗalibi ya yi da hannunsa. Mai taune-taune kuma, magnesiyom salfet giram 4 ta jijiya a hankali da giram 5 a kowane ɗuwawu, sannan kafin kowace allura ta gaba a duba numfashi bai gaza 16 a minti ba, gwiwa tana motsi in an buga, fitsari yana kai mililita 30 a awa. Yawan tsoron wannan magani ya sa ake tura mace tafiyar sama da kilomita 100 ba a ba ta komai ba. Ya kamata shekarar ƙarshe ta ƙunshi wata 3 a asibitin gunduma, kusa da likitan da ya yi horon tiyatar gunduma, don ɗalibi ya ga yadda ake yanke shawarar aiki ba tare da babban ƙwararre a ɗaki na gaba ba.

Ga kuma batun harshe, wanda ake ɗauka ƙarami. Ana karatu da Faransanci, ana jinya da Hausa, a Dakoro da Bermo har da Fulatanci da Tamashek. Jin Hausa daban, iya tambayar majinyaci daban. In uwa ta ce zahi ne, ko ɗan kanoma, ko haƙora ke fito masa, ko maɗigarsa ta faɗa, kowace kalma tana ɗauke da abin da aka riga aka yi wa yaron a gida da wanda aka fara kai shi wurinsa. Ɗalibi ya san ya tambayi ko wanzami ya cire beli in jariri yana zubar jini ko ya ƙi nono; ya tambayi mai jego mai kumburi da haki game da kunun kanwa da wankan jego, domin ciwon zuciyar bayan haihuwa sananne ne a ƙasar Hausa; ya san mai cikin fari kunya za ta hana ta faɗin naƙuda ta fara. Wanda ya yi wa uwa dariya a kan haƙora ba zai ƙara jin gaskiya daga bakinta ba. A sa darasin tambayar majinyaci da harsunan gida cikin manhaja, a yi jarrabawarsa.

Mun san abin da ke kashe irin wannan shiri, kuma ba ƙarancin ilimi ba ne. Ana tura ɗalibai ba masauki, su kwana a ɗakin awo, bayan mako guda rabinsu sun dawo birni, majo, wato shugaban CSI, ya sa musu hannu don tausayi. Kuɗin abinci ya fito bayan an gama sitaj. 'Yan mata ba a tanadar musu ɗaki mai ƙofa da makewayi ba, iyaye su hana. Malamin da zai zo dubawa ba man mota. Majo, wanda ya shekara 15 yana wannan aiki kuma shi ne malamin gaskiya a wurin, ba a gaya masa abin da ake so ɗalibai su koya ba, ba a ba shi ko dala, sai ya mayar da su masu cika rajista. Maganin kowanne sananne ne: a zauna da magajin gari da hakimi da kwamitin lafiya tun watan Maris a kan masauki, a biya kuɗin kafin tashi, a horar da majo da ungozoma kwana biyu ko uku a ba su alawus da takardar shaidar cewa su masu koyarwa ne, malami daga tsangaya ya zo duk mako 2 ya kwana. Zaɓen wuri kuma a yi shi da hukumomin tsaro, domin wasu ƙauyukan bakin iyaka a Gidan Rumji da Madarumfa suna fama da 'yan bindiga, ba kuma za a kai 'ya'yan mutane inda ma'aikata kansu ba sa kwana ba. Kada kuma a manta mutanen garin. In ɗalibai sun ƙirga gidaje, sun auna yara, sun duba rijiyoyi, to ranar ƙarshe a tara jama'a a ƙofar mai gari a gaya musu abin da aka gano da Hausa. Garin da ake yi wa tambayoyi kowace shekara ba a dawo masa da amsa, a shekara ta uku ƙofa zai rufe.

Wani zai ce wannan zai rage zurfin ilimi, a fitar da likitan ƙauye. A Madarumfa aka gwada allurar rigakafin gudawar rota mai jure zafi a kan dubban jarirai, aka wallafa sakamakon a 2017, duniya ta yi amfani da shi. Kundin kammala karatu ma zai fi amfani in ya fito daga tambayar da CSI ta haifar, kamar yawan yaran da suka shanye maganin damina kwana 3 cur, ko awa nawa ke tsakanin yanke shawarar tura mai naƙuda da shigarta ɗakin tiyata, a kan sake ƙirga tsofaffin fayil-fayil na ɗaki guda.

Ɗalibi abin da ke da maki shi yake karantawa. In sitaj ɗin ƙauye sa hannu ne kawai, haka zai ɗauke shi. A ba shi maki mai nauyi irin na tiyata da ciwon yara, wanda ya faɗi ya maimaita. Ranar jarrabawa a ajiye masa igiyar awon dantse da yaro, a ba shi rajistar rigakafi ta wata 6 ya fitar da yawan waɗanda suka ɓace tsakanin Penta ta farko da ta uku, a ba shi kwalba biyu ya girgiza ya nuna wadda ta taɓa daskarewa, sannan a zaunar da wata dattijuwa a gabansa ya yi mata bayanin haɗa ruwan gishiri da sukari, lita 1 na ruwa mai tsabta, ƙaramin cokali 6 na sukari, rabin ƙaramin cokali na gishiri, a ga ko za ta iya maimaita masa. Majon CSI ɗin da ya zauna ya kasance cikin masu ba da makin.

Mun gode da filin da ka ba mu. Allah ya ƙara wa jarida ɗaukaka.

Wassalam,
Wasu ma'aikatan kiwon lafiya,
Maraɗi.